Cin abinci a gidajen da makafi da kurame ke aiki: yadda ake shiga, yadda ake zama

Gidajen abincin da makafi ke aiki a ciki da waɗanda kurame ke riƙe da su akan ambace su tare, amma da na bi ta cikinsu a tafiye-tafiye sai na tarar zamansu ya sha bamban. A na makafi an kashe fitila, duhu ne ƙirin, baki da kunne ke aiki. A na kurame haske ne tar, ido da hannu ke aiki. Abin da ya haɗa su shi ne ma'aikatan sun daɗe da tsara yadda aikinsu zai tafi. Kusan duk tangarɗar da na gani daga baƙo ta taso: ko ya yi wani abu bai sanar ba, ko ya sanar ta hanyar da ba ta isa ga mai aikin.

Kafin ka sa gidan cikin tsarin tafiyarka, tabbatar yana nan. Irin waɗannan wurare suna buɗewa suna rufewa. Signs, gidan kurame na birnin Toronto, ya buɗe a 2014, ya rufe a 2016. Mozzeria na San Francisco, wanda wasu ma'aurata kurame suka kafa a 2011, ya rufe a 2020, shekarar da aka buɗe reshensa na Washintan. Na duhu sun fi daɗewa: Blindekuh na Zurik a Suwizalan tun 1999, kuma wani limamin coci makaho, Jürg Spielmann, na cikin waɗanda suka kafa shi. Bayansa aka yi unsicht-Bar a Kolon ta Jamus a 2001, Dans le Noir? a Paris a 2004 da Landan a 2006, O.Noir a Montreal a 2006, sai Noir a birnin Ho Chi Minh na Biyetnam a 2014.

A gidan duhu sai an kama wuri tun da wuri, kuma lokacin da aka ba ka ba na wasa ba ne. Rukuni-rukuni ake shiga, kowane rukuni da jagoransa, wato sabis makaho da zai yi masa hidima. Idan ka makara, jagoran ya riga ya shige da mutanensa, sai ka jira ya sami sarari ya fito dominka. Ka iso da minti goma sha biyar a hannu, domin akwai ayyuka uku da ake gamawa a cikin haske.

Na farko zaɓen abinci. Mafi yawan gidajen ba sa gaya maka abin da za ka ci. Layi kawai kake zaɓa, nama ko kifi ko ganye ko wanda kuku ya ga dama, da yawan zagayen da kake so, galibi biyu ko uku. A nan ne za ka faɗi duk abin da ba ka ci, kuma ka faɗe shi dalla-dalla. Wanda ba ya cin naman alade kada ya tsaya a kan naman kaɗai, ya ambaci kitsensa da romonsa da abin da ake daskarar da kayan zaƙi da shi. Wanda ba ya shan giya ya ce har wadda ake zubawa a miya ko a kayan zaƙi, ya kuma tambayi abin sha na maraba, domin wasu gidajen sukan miƙo shi tun a zaure ba tare da an tambaya ba. Mai borin jini ya faɗi sunan abin da ke tayar masa, ya ga an rubuta da idonsa. Dalilin wannan tsanani shi ne madafar tana da haske, masu gani ne ke girki, amma sabis ɗin da zai kawo maka faranti ba ya ganin abin da ke ciki, kai ma ba ka gani. Takardar nan da aka rubuta a zaure ita ce kaɗai ke tsakaninka da abin da ba ka so. Ni a ganina wanda ke da ƙa'idar abinci mai yawa ya ɗauki layin kifi ko na ganye, hankalinsa ya fi kwanciya.

Na biyu ajiye kaya. Akwai akwatuna masu makulli, a ciki ake zuba waya, agogo, leta, kyamara, jaka da duk abin da ke iya ƙyalli. Agogon da hannayensa ke haske da dare ma yana ciki. Mutane kan ɗauka an yi haka ne don kada a ɓata wa wasu nishaɗi kawai, alhali jakar tana da wani dalili: sabis ya haddace hanyoyin ɗakin da ƙafarsa, jaka guda a ƙasa ta isa ta kayar da shi da faranti a hannu. Na uku, ka shiga bayi ka wanke hannu sosai, domin hannun nan zai shiga abinci ko ka so ko ka ƙi.

Daga nan aka kira jagoranmu ya fito bakin labule. Ya faɗi sunansa sau biyu, ya tambayi namu ɗaya bayan ɗaya. Riƙe sunan nan da kyau, shi ne kawai abin da za ka kira a ciki, domin ɗaga hannu ko kaɗa kai ba su da amfani. Ya ce mu yi layi, kowa ya ɗora hannu guda a kafaɗar na gabansa, na farko a tasa. Aka ratsa labule mai kauri, aka yi kwana, aka ratsa wani, sannan na uku. An jera su haka ne don kada hasken zaure ya bi mutum ciki. Tafiyar gajerun taku ce, kuma kada ka saki kafaɗa don ka lalubi bango. Idan layi ya tsinke, tsaya cik ka yi magana, kada ka bi sautin ƙafa.

A bakin tebur ya kama hannuna ya ɗora a bayan kujera, ya ce tebur na gabana. Da ɗaya hannun ake shafa mazaunin a ji faɗinsa, a taɓa gefen tebur, sannan a zauna a ja kujerar ciki sosai. Kujerar da aka bari ta fito baya ta tare masa hanya kamar yadda jaka za ta yi.

Mintuna goman farko su ne masu wuya. A duhun da aka saba, ido kan ɗauki minti ashirin zuwa talatin ya fara rarrabe abubuwa, don haka mutum sai ya yi ta zare ido yana jiran hakan ta faru. A nan ba za ta faru ba, babu ko ɗigon hasken da ido zai kama. Abin da za ka gani ɗige-ɗige ne da wani toka-toka mai yawo, kuma idon ne da kansa ke haifar da su. Zare idon ne ke kawo ciwon kai da jiri. Rufe shi kawai, ka kifa tafukanka biyu a kan tebur, ka ja numfashi a hankali. Wanda ƙirjinsa ya ci gaba da bugawa ya kira jagora, za a fitar da shi nan take ba tare da wani ya ga laifinsa ba. Abin da ba a yi shi ne miƙewa tsaye kai kaɗai.

Da hankali ya dawo, sai ka san teburinka. Yadda makafi ke lalube shi ne daidai: hannu a ƙasa yana shafar tebur, yatsu a ɗan lanƙwashe, bayansu ne ke fara taɓa abu, tafiya a hankali. Hannun da ya zo ta sama ko ya yi shara gefe da gefe shi ke kifar da kwalba, domin yana bugun ta a wuya inda ba ta da nauyi. Jagora zai yi maka kwatance da fuskar agogo: faranti a tsakiya, tambulan a ƙarfe ɗaya, burodi a ƙarfe goma sha ɗaya. Duk abin da ka ɗauka, mayar da shi inda ka same shi. Idan ka matsar da tambulan zuwa hagu, ka faɗa, in ba haka ba a kansa za a dire faranti na gaba.

Zuba ruwa da kanka za ka yi, kuma ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Riƙe tambulan da hannu guda, ka saƙala gaɓar farko ta manuniya a cikin bakinsa. Kawo bakin kwalba har ya taɓa bakin tambulan ka ji ƙarar haɗuwarsu, sannan ka karkata a hankali. Sautin zubar yana ƙara siririncewa yayin da ruwan ke hawa, da ya taɓa yatsa sai ka tsaya. Ruwan sanyi ya fi saurin jiyuwa, mai ɗumi-ɗumi kuwa yakan wuce yatsa ba ka lura ba saboda zafinsa ya yi kusa da na jiki. Shayi ko wani abu mai zafi, bar wa jagora.

Faranti yakan zo ne da magana. Zai kira sunanka, ya ce ta dama yake, ya taɓa kafaɗarka. Wani ya dire maka da kansa, wani ya ce ka miƙo hannu ka karɓa. Idan karɓa ne, kada ka ce ka riƙe sai ka ji nauyinsa ya dawo hannunka, domin da ka faɗa zai saki. Abincin an tsara shi don duhu: babu ƙashi, babu ƙaya, an yanka shi madaidaita, miyar ba ta da ruwa sosai. Duk da haka cokali mai yatsu zai zo bakinka wayam sau da yawa. Nauyinsa ne zai gaya maka ko ya ɗauko wani abu, kuma bayan ɗan lokaci hannu yana koyon haka. Zagaya gefen faranti da cokalin tukuna ka san inda kowane abu yake, ka riƙa turo abinci daga gefe zuwa tsakiya, ka sa ɓallen burodi ya zama katanga a ɗaya ɓangaren. In akwai abin yankawa, nemo gefensa da wuƙa, ka soke shi kamar santimita biyu daga gefen, ka yanka kusa da cokalin. Sunkuya kan faranti, kada ka ɗago loma zuwa nesa. Mafi yawan mutane kan ajiye cokali su koma yatsa kafin a gama zagaye na biyu, jagororin kuma da kansu suke ba da wannan shawara.

Ana yawan cewa duhu yana ƙara wa harshe kaifi. Abin da na lura shi ne hankali ne ke taruwa wuri guda: kana jin zafi da sanyi, laushi da garas-garas, ƙamshi kafin loma ta iso. Gane sunan abin kuwa sai ya gagara, domin launi da siffa ne ke gaya mana rabin abin da muke ci. Mutum zai rantse nama ne, ashe kifi ne mai tsoka.

Ɗakin yana da hayaniya fiye da kima. Da yake ba a ganin fuska, kowa sai ya ɗaga murya don ya tabbatar an ji shi, na kusa ya ƙara tasa, har sai jagora ya roƙi a sassauta. Roƙon nan na aiki ne, da kunne yake sanin inda abokin aikinsa yake da wanda ke kiransa. Wannan ma ya sa nake ganin kada a kai mai raunin ji gidan duhu ba tare da an yi shawara da shi ba. Wanda ya dogara da kallon leɓe, a nan an ƙwace masa hanyar magana gaba ɗaya.

Zaman kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ko da yake a ciki ba za ka iya ƙiyasta shi ba. Fita ma a layi ake yi. Kafin labulen ƙarshe ka sunkuyar da kai ka runtse ido, ka ba shi minti guda ko biyu, domin hasken zaure ko mai rauni ne yana soka. A can za a nuna maka hoton abin da ka ci ko a karanta maka, a can kuma ake biya.

Abu guda nake roƙo kada a faɗa wa jagora: cewa yanzu ka san yadda makanta take. Awa biyu a kujera, ana kawo maka komai, ba ta koya maka hawa mota ko neman aiki ba. Yawancin makafi ma suna ganin wani abu, ko haske ko inuwa, ba wannan baƙin duhun ba ne rayuwarsu. Abin da ka gani a ciki gwaninta ce ta mutumin da ya haddace tebura da sunaye da odar kowa. Tambaye shi game da aikin, mafi yawansu suna jin daɗin bayani idan hidima ta lafa. Labarin yadda ya rasa ganinsa kuwa nasa ne, in ya so ya faɗa.

Gidan kurame ba ya buƙatar shiri mai yawa, amma kada ka buga waya don kama wuri, aika saƙo ko ka cika fam a intanet. A Amurka kiran yakan bi ta hannun tafinta mai fassara ta bidiyo, don haka in ka ji shiru na ɗan lokaci fassara ake yi, kada ka katse.

A ƙofa da ɗaga hannu za a tarbe ka, a tambaye ka ku nawa ne. Idan an ba ka zaɓin wurin zama, kada ka ba taga baya. Haske ta bayanka yana mayar da fuskarka inuwa, sabis kuma fuskar yake karantawa. Yadda ake oda ya danganta da gida. A Mirchi & Mime na Mumbai, lokacin da aka buɗe shi a 2015, an zana alamar hannu kusa da sunan kowane abinci don baƙo ya kwaikwaya. A shagunan kofi na Starbucks masu maganar hannu, irin na Kwala Lampur na 2016 da na Washintan na 2018 da ke kusa da Jami'ar Gallaudet ta kurame, akwai abin rubutu a kan kanta ga wanda bai iya ba, kuma a allo ake nuna cewa odarka ta fito.

Kwaikwayon alama daga hoto yana da inda yake ɓaci. Alama ba siffar yatsu kaɗai ba ce, har da inda aka ajiye hannu, inda tafi ke fuskanta, motsin da aka yi da yanayin fuska. Hoto yana nuna siffa, motsin kuwa sai 'yar kibiya, shi ne mutane ke tsallakewa. Kada ka damu da dama ko hagu, yi da hannun da ka saba. Yi alamar, sannan ka ɗora yatsa a kan sunan abincin, ka bar sabis ya gyara maka hannu in ya ga dama.

Kada kuma ka ɗauka abin da ka koya a wata ƙasa zai yi maka aiki a wata. Harsunan hannu sun haura 300 a duniya. Na Amurka da na Ingila ba sa fahimtar juna duk da cewa ƙasashen biyu Turanci suke yi: na Amurka da hannu ɗaya yake harhaɗa baƙaƙe, na Ingila da biyu. Na Amurka ya fi kusa da na Faransa, saboda wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, na cikin waɗanda suka kafa makarantar kurame ta Hartford a 1817. Lissafi ma haka yake. A maganar hannun Amurka uku shi ne babban yatsa da manuniya da na tsakiya. Idan ka ɗaga yatsu ukun tsakiya ka danne ƙaramin da babban yatsa, shida ka ce. Saboda haka duk abin da ya shafi adadi, rubuta shi.

Ƙa'idar abinci ma a rubuce, ba da hannu ba, domin "babu" a harsunan hannu da yawa tana tafiya ne da girgiza kai da yanayin fuska, baƙo kuma yakan yi alamar abin ya manta da korewar, sai a kawo masa ainihin abin da ya ƙi. Rubutun ya zama gajere, jimla guda magana guda, cikin harshen ƙasar, ba dole Turanci ba. Ga kurame da yawa rubutaccen harshe na biyu ne, na farko shi ne na hannu. Waya ta wadatar in ka ƙara girman baƙaƙen. Kada ka dogara da karatun leɓe: p da b da m duk iri ɗaya suke a baki, balle ga lafazin baƙo. Wage baki da ɗaga murya kuma ƙara dagula siffar leɓen suke yi.

Babban abin da ke jawo kuskuren oda shi ne gyaɗa kai don kunya. Sabis ya yi maka tambaya, ba ka gane ba, ka yi murmushi ka gyaɗa, shi kuwa ya rubuta ka amince. In ba ka gane ba, girgiza kai ka nuna takarda. A maganar hannun Amurka ɗage gira na nufin tambayar da amsarta i ce ko a'a, haɗe gira na nufin me, ko wanne, ko nawa, don haka haɗe girar ba fushi ba ne. Kafin ya tafi, dubi abin da ya rubuta ka tabbatar. Muddin yana magana kuma idonka na kansa, domin kau da kai zuwa waya a tsakiyar zance daidai yake da katse shi.

Kiran sabis da kaɗa hannu ne a inda idonsa zai kai. In ya ba ka baya kuma yana kusa, taɓa kafaɗarsa a hankali sau biyu. Ba a kama wuyan hannu, ba a jan riga, ba a jifa da tishu. Idan yana ɗauke da tire kada ka taɓa shi, kada kuma ka jira amsa, hannuwan da zai amsa da su a cike suke, bari ya dire tukuna. Ma'aikatan a tsakaninsu sukan buga ƙafa a daɓe ko su ƙyafta fitila don kiran juna, kada hakan ya firgita ka. In hanyarka ta bi tsakanin mutum biyu masu magana, wuce kai tsaye da sauri, tsayawa ko duƙawa ya fi katse su. Hoto da bidiyo sai da izini, domin ɗaukar hannun mutum yana motsi naɗar hirarsa ce.

Neman lissafin kuɗi da alamar rubutu a tafin hannu kusan ko'ina ana gane shi. Godiya a Amurka tafi ne a buɗe daga haɓa zuwa gaba, a Japan daban take, don haka tambayi sabis ta ƙasarsu, zai nuna maka. Tukuici ya bi al'adar ƙasar kamar kowane gidan abinci: kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a Amurka, a Japan ba a bayarwa.

Nakan so in san wa ke riƙe da gidan. Akwai inda kurame ne masu shi, su ne a madafa, su ne a kan kuɗi. Akwai inda a gaba kawai aka tsayar da su, duk wani mai faɗa a ji kuwa mai ji ne. Ana gane wannan cikin minti kaɗan: dubi ko manaja yana magana da ma'aikatansa da hannu, ko sai ya nemi wani ya fassara masa. In kwanakinka a gari kaɗan ne, na farkon ya fi cancantar kuɗinka.

Idan kuma aka kawo maka abin da ba shi ka nema ba, ko ya huce, ko gishiri ya yi yawa, kada ka haɗiye don tausayi. Wasu baƙi kan yi shiru a gaban sabis sannan su je su rubuta ƙorafi a intanet, inda ba shi da damar gyarawa. Kira shi, nuna farantin, nuna layin da ka zaɓa a takarda, rubuta abin da ya faru cikin jimla guda. A gidan duhu kuma kira sunan jagora ka faɗa tun faranti na gabanka, domin da an kwashe shi zuwa madafa babu mai iya tantance wanne ne naka.